Saiwa da Ɗafi: Ma'anar Dogayen Kalmomin Ingilishi Masu Tarayya a Haruffa

Mafi yawan dogayen kalmomin Ingilishi ba dunƙulallu ba ne, harhaɗa su aka yi daga ƙananan sassa waɗanda kowannensu ke ɗauke da guntuwar ma'ana, kuma waɗannan sassa ne ke sa a riƙa ganin haruffa iri ɗaya suna maimaituwa a farkon kalmomi da yawa, ko a tsakiyarsu, ko a ƙarshensu. Abin tambaya shi ne ko tarayya a haruffa tana nufin tarayya a ma'ana, kuma har zuwa ina mai karatu zai iya dogara da ita idan ya ci karo da kalmar da bai taɓa gani ba. Tambayar tana da nauyi a ƙasar Rano da Kibiya, a kudancin Jihar Kano, inda Hausa ce harshen gida da kasuwa da masallaci, Ingilishi kuwa ba ya zuwa wa mutum sai ta takardar jarrabawa, da jikin kwalbar maganin feshi, da katin asibiti, da sanarwar hukuma. Waɗannan kuwa su ne wuraren da dogayen kalmomi suka fi yawa, wato mutumin Rurum ko Tarai yakan haɗu da ɓangaren Ingilishi mafi tsauri tun kafin ya saba da sassauƙan Ingilishin hira.

Fannin da ke nazarin wannan batu shi ne ilimin ƙirar kalma, wanda wasu malamai ke kira tasarifi. A cikinsa ana kiran ainihin sashen da ke riƙe da ma'anar kalma saiwa, abin da aka liƙa wa saiwar kuma ɗafi. Idan ya zo a gaba sunansa ɗafa-goshi, idan ya zo a baya ɗafa-ƙeya. Bahaushe yana aiki da wannan tsari kullum ko da bai san sunayen ba. Ɗafa-goshin *ma-* ne ke samar da mai aiki a *manomi* da *maƙeri*, da wurin aiki a *makaranta* da *marina*, da kayan aiki a *mabuɗi* da *magirbi*. Ɗafa-ƙeyar *-anci* ko *-ci* tana nuna harshe ko karin harshe a *Turanci* da *Larabci* da *Kananci*, tana kuma nuna hali ko matsayi a *shugabanci* da *jahilci*. Yaron da ya ji *marubuci* karo na farko ba ya buƙatar ƙamus matuƙar ya san *rubutu*, kuma wannan basirar ce ake bukata a wajen *teacher* da *driver* da *leadership*, bambancin kawai shi ne Ingilishi ya fi son ajiye irin wannan ɗafi a ƙarshen kalma.

Dalilin da ya sa dogayen kalmomin suka fi gajerun wuyar fahimta yana cikin tarihin harshen. Asalin Ingilishi harshe ne na dangin Jamusanci, kuma daga can ya gaji gajerun kalmominsa na yau da kullum irin su *house* da *water* da *eat*. A shekarar 1066 William na Normandy ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na kusan ƙarni uku, sai kalmomi irin su *government* da *justice* da *parliament* suka shigo. Daga baya, musamman a ƙarni na 16 da na 17, masana sun kwaso kalmomi kai tsaye daga Latin da Girkanci domin rubutun addini da likitanci da kimiyya. Wata ƙididdiga da Thomas Finkenstaedt da Dieter Wolff suka wallafa a 1973, bisa kalmomi kusan 80,000 na wani ƙamus na Oxford, ta nuna kimanin kashi 28 cikin ɗari daga Faransanci suke, wani kashi 28 daga Latin, kashi 25 daga dangin Jamusanci, kashi 5 daga Girkanci. Sakamakon haka shi ne saiwar doguwar kalma sau da yawa ba kalmar Ingilishi ba ce mai cin gashin kanta, don haka ko ɗan harshen sai an koya masa cewa *port* na cikin *transport* da *export* yana nufin ɗauka. Hausa ma tana da makamancin wannan rabo, domin *gida* da *ruwa* nata ne na gado, alhali *shari'a* da *alƙali* da *wasiyya* ta hanyar karatu suka shigo daga Larabci.

Ɗafa-goshin Ingilishi ba su da yawan da ake tsammani. Wani nazari da Thomas White da abokan aikinsa biyu suka buga a Amurka a 1989, kan littattafan makaranta, ya gano cewa guda huɗu kacal, wato *un-* da *re-* da *in-* mai korewa da *dis-*, su ne ke kan kashi 58 cikin ɗari na kalmomi masu ɗafa-goshi, guda ashirin kuma sun ɗauke kashi 97. Na uku a cikinsu shi ne ya fi ruɗa ɗalibai, saboda yana sauya kama: *incorrect*, amma *impossible*, *illegal*, *irregular*. Wannan sauyi shi ake kira naso, wato sauti ya rikiɗe ya yi kama da maƙwabcinsa domin sauƙin furuci. Wanda ya yi tajwidi a makarantar Islamiyya ya riga ya san dokar, domin nunun da ba ta da wasali takan koma mim a gaban ba, abin da ake kira iƙlabi, takan kuma narke gaba ɗaya a gaban lam da ra, abin da ake kira idgami. Haka *n* na *in-* ke komawa *m* a gaban *b* da *p*, ya narke a gaban *l* da *r*. Bakin Bahaushe ma haka yake yi, don *gidan Bala* ake rubutawa amma *gidam Bala* ake furtawa. Abin mamaki ne yadda malamin Ingilishi zai sa yara su haddace siffofi huɗu daban-daban, alhali da yamma za su zauna gaban wani malamin su karanta wannan doka da sunanta.

Inda amfanin sanin ɗafi ya fi fitowa fili shi ne shagon mai sayar da kayan noma. A kan kanta ana jera kwalabe da robobi masu kamanni da juna, manomi kuwa duk maganin feshi yake ce musu, sai dai ya bambanta na ciyawa da na ƙwari. A jikinsu an rubuta *herbicide*, *insecticide*, *fungicide*, *pesticide*, dukkansu da ƙarshe ɗaya, *-cide*, daga kalmar Latin mai nufin sara ko kisa. Abin da ya gabace ta shi ne abin da ake kashewa: ciyawa, ƙwaro, cutar fumfuna, ko kowace irin halitta mai ɓarna. A ƙasan wannan akwai ƙananan rubutu da suka fi muhimmanci ga mai shinkafa ko masara, wato *pre-emergence* da *post-emergence*, inda *pre-* ke nufin kafin, *post-* ke nufin bayan, saiwar kuma ke nufin ɓullowa. Na farko ana fesa shi a kan ƙasa kafin tsiro ya fito, na biyu sai ciyawar ta tsiro. Akwai kuma *selective*, mai zaɓen abin da zai kashe, da *non-selective*, wanda ba ya zaɓe, irin su maganin da ke ɗauke da sinadarin *glyphosate*, wanda idan aka fesa shi a kan shukar da ta fito zai ƙone ta tare da ciyawar. Haruffa uku na *non-* su ne tsakanin gyaran gona da asarar damina, kuma sau da yawa ɗan manomin da ke sakandare ne ake miƙa wa kwalbar a ce ya karanta.

A asibiti ma haka abin yake, sai dai can Girkanci ya fi rinjaye. Ƙarshen *-itis* yana nufin kumburi ko tsananin ciwon wani sashe na jiki, shi ya haɗa *hepatitis*, ciwon hanta, da *meningitis*, sanƙarau, da *arthritis*, amosanin gaɓɓai. *Hyper-* yana nufin wuce kima, *hypo-* kuma kasawa, don haka *hypertension* hawan jini ne, *hypotension* faɗuwarsa. Ga mai ciwon suga bambancin *hyperglycaemia* da *hypoglycaemia* ba na wasa ba ne, domin a na biyun sugan jini ne ya yi ƙasa, kuma abin da majiyyaci ke bukata a lokacin shi ne ainihin abin da aka saba hana shi. Sai kuma *ante-* da *anti-*, waɗanda harafi ɗaya ya raba: *antenatal*, sashen da mata masu juna biyu ke zuwa awo, yana nufin kafin haihuwa, *antimalarial* kuwa mai yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ne.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce tarayya a haruffa jagora ce da ba ta ɓatarwa. Ba haka ba ne, kuma misali mafi kusa yana maƙwabtaka da Rano. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke bi ta magudanai ya shayar da gonakin rani na Bunkure da Kura da Garun Malam, kuma a sunan aikin na Turanci akwai kalmar *irrigation*. Ɗalibin da ya haddace cewa *ir-* korewa ce, kamar a *irregular* da *irresponsible*, zai ɗauka kalmar tana nufin rashin wani abu, alhali ma'anarta ban-ruwa. Dalili kuwa shi ne Latin tana da *in-* guda biyu: ɗaya mai korewa, ɗaya mai nufin ciki ko kan abu, kuma dukkansu naso iri ɗaya suke yi. Na biyun ne ke cikin *irrigation* da *import* da *inject* da *illuminate*. Shi ne kuma ke cikin *inflammable*, kalmar da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin tankokin mai, waɗanda ba baƙi ba ne ga mutanen garin da kamfanin mai na A.A. Rano ya yaɗa sunansa a titunan Nijeriya. Kalmar tana nufin abu mai saurin kama wuta, amma da yake ko masu harshen sukan ɗauke ta da akasin haka, hukumomin kiyaye gobara a ƙarni na 20 suka koma ƙarfafa amfani da *flammable*, wadda ba ta da wannan shubuha.

Daga nan za a iya fahimtar cewa tarayyar haruffa hawa uku ce. Akwai inda sashen ɗaya ne kuma ma'anarsa tana nan daram, kamar *-cide* a kwalaben feshi. Akwai inda asalin ɗaya ne amma tsawon zamani ya karkatar da ma'anar har ba a gane ta: *decide* daga saiwar sara ɗin nan ta fito, sai dai ma'anarta ta koma yanke shawara, kuma abin sha'awa ne cewa Hausa ma da yanka take bayyana wannan aiki. Haka *apology*, neman afuwa, take da asali ɗaya da *-ology* na *biology* da *geology*, wanda ke nufin fannin nazari, amma sanin hakan ba zai taimaki mai amsa tambayar jarrabawa ba. *Invaluable* tana nufin abin da darajarsa ta wuce a ƙiyasta, ba maras daraja ba. Hawa na uku shi ne dacewa kawai: *coincide* ba ta da alaƙa da kisa, daga saiwar faɗuwa ta fito; *un* na *uncle* da *under* ba korewa ba ce; *uniform* da *university* da *union* nasu *uni-* ne mai nufin ɗaya; *mis* na *mission* ba na *misuse* ba ne; *-ship* na *warship* jirgi ne na gaske, ba matsayi ba kamar na *scholarship*.

Wannan tarko ba na Ingilishi kaɗai ba ne. *Hanci* ya ƙare da *-anci* amma ba harshe ba ne, *mangwaro* da *masara* sun fara da *ma-* amma ba masu aiki ba ne ba kuma wurin aiki ba. Wani lokaci ma masu harshe da kansu sukan yanka kalma a inda ba gaɓarta ba, kuma idan kuskuren ya yaɗu sai ya zama doka. Da *mechanic* ta shigo Hausa a matsayin *makaniki*, kunne ya ji kamar *ma-* ɗin nan ne da aka saba, sai aka cire shi aka samu *bakanike* da *kanikawa* da *kanikanci*, daga saiwar da ba ta taɓa wanzuwa a Ingilishi ba. Turawa ma sun yi irin wannan da *hamburger*, wadda asalinta sunan birnin Hamburg ne na Jamus, suka yanke *burger* suka mai da ita kalma. Haka *helicopter*, wadda a Girkanci *helico* da *pter* ce, wato murɗaɗɗen fiffike, suka raba ta *heli* da *copter*. Ko *al-* na *algebra* da *alcohol* da *alkali* shi ne dai *al-* na Larabci da ke cikin *alƙalami* da *albasa*, amma na *always* da *already* daga *all* yake.

Akwai wani gata da ɗalibin wannan yanki yake da shi wanda tsarin boko bai cika lura da shi ba, wato sabo da saiwar Larabci. A Larabci baƙaƙe uku ne ke riƙe da ma'ana, wasula da ƙare-ƙare su riƙa sauyawa a kewayensu, kuma Hausa ta aro iyalai sukutum na irin waɗannan kalmomi. *Hakimi* da *hukuma* da *hukunci* da *hikima* duk daga baƙaƙe uku ɗaya suke, haka *ilimi* da *malami* da *alama*, haka *darasi* da *madarasa*. Fannin da ke koyar da wannan shi ne sarfu, wanda aka daɗe ana karantawa a zaurukan malamai a ƙasar Hausa, har Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi na waƙe a kansa mai suna Hisnur Rasin. Wanda ya saba neman baƙaƙe uku a cikin doguwar kalmar Larabci ba zai sha wuya ba wajen ganin *dict* a cikin *predict* da *contradict* da *dictionary*, ko *spect* a cikin *inspector* da *respect* da *spectacles*, muddin an nuna masa cewa aikin ɗaya ne.

Kalmomin aro kuwa sukan ɓoye dangantakar maimakon su bayyana ta, saboda Hausa takan sassaƙe kalma ta daidaita ta da bakinta. *Talabijin* da *tarho* da *tangaraho* duk suna ɗauke da *tele-* na Girkanci mai nufin nesa, amma a Hausa ba abin da ya rage sai *ta*. *Asibiti* da *otal* ba su yi kama ba ko kaɗan, alhali *hospital* da *hotel* da *hostel* da *hospitality* duk daga kalmar Latin ɗaya suke mai nufin baƙo ko mai masauki. *Hafsa* da *ofis* daga *officer* da *office* suke. Sababbin aro ne suka fi riƙe siffarsu, kamar *taransifoma* ta unguwa da *tiransifa* da ake yi a wajen mai POS, inda *trans-* mai nufin ƙetarewa ke nan a bayyane, kuma daga su malami zai iya kai yara zuwa *translate* da *transplant*, wato dashe, aikin da kowane ɗan mai shinkafa ya sani.

Siyasa ma ta taɓa koya wa Kanawa doguwar kalma a rana ɗaya. Da hukumar zaɓe ta INEC ta ayyana zaɓen gwamnan Kano na ranar 9 ga Maris 2019 a matsayin *inconclusive*, aka sake jefa ƙuri'a a wasu rumfuna ranar 23 ga watan, kalmar ta shiga bakin kowa har ta zama abin ba'a a majalisar masu shayi. Sassanta huɗu ne: *in-* mai korewa, *con-* mai nuna cika, *clus* mai nufin rufewa, da *-ive* mai mayar da kalma siffa, jimlarsu abin da ba a rufe shi gaba ɗaya ba. Wanda ya gane haka ya samu *include* da *exclude* da *conclusion* da *exclusive* a kyauta, sai dai ya lura cewa *in-* na *include* na ciki ne, ba na korewa ba, ko da yake saiwarsu ɗaya da kalmar da aka fara da ita.

A makarantu batun yana da alaƙa kai tsaye da makomar ɗalibi. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yara da harshen gida a shekarun farko na firamare sannan a koma Ingilishi, kuma duk sauye-sauyen da manufar harshe ta sha daga baya ba su taɓa gaskiyar cewa da Ingilishi ake rubuta jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ba, kuma ba a shiga jami'a sai da kiredit a darasin. A waɗannan jarrabawa akwai sashen zaɓen kalma mafi kusa a ma'ana da kuma kishiya, inda masu tsara tambaya sukan dasa kalmomi masu kama da juna da gangan. Hanyar da aka fi bi, wato rubuta jerin manyan kalmomi a allo a sa yara su haddace, tana samar da ɗalibin da zai burge mutane a muhawara amma ya kasa karanta takardar magani. Wasu har alfahari suke da haddace *pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis*, mai haruffa 45, wadda aka ƙirƙira a Amurka a 1935 don kawai ta zama mafi tsawo, alhali idan aka warware ta ba ta wuce cutar huhu da ƙurar dutse mai laushi ke jawowa ba. Ba banza ba Hausawa ke kiran zancen da ya yi yawa ba tare da amfani ba dogon Turanci.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a koyar da ɗafi da saiwa kaɗan-kaɗan, da misalan da yaro ke gani a gona da asibiti da kasuwa, a kuma koyar da kowane ɗafi tare da masu kwaikwayonsa, ta yadda ranar da aka kawo *irregular* za a kawo *irrigation* a gefenta. Gwajin farko mai sauƙi ne: a cire ɗafin a duba ko abin da ya rage kalma ce ko sananniyar saiwa, domin *unhappy* takan bar *happy*, *uncle* kuwa ba ta barin komai. Gwaji na biyu shi ne a mayar da ma'anar da aka zata cikin jimlar a ga ko ta zauna, domin aikin gwamnati da ke kai ruwa gona ba zai kasance rashin wani abu ba. Inda zato ya ci tura, ko inda kuskure zai jawo asara kamar a magani da takardar yarjejeniya, sai a koma ga ƙamus, kuma akwai na Ingilishi zuwa Hausa da aka tanada don wannan aiki, irin su na Neil Skinner da ya fito a 1965 da na Roxana Ma Newman na 1990, ban da waɗanda ke cikin wayar hannu, waɗanda da yawansu kan nuna asalin kalma a ƙasan ma'anarta.